Gwajin Mantuwa da Tsofaffin Sinawa: Inda Fassara Ta Gaza

A 1975 wasu likitocin ƙwaƙwalwa uku a Amurka, Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh, suka fitar da 'yar takardar tambayoyi mai maki 30 da aka sani da MMSE. Cikin minti goma likita zai tambayi dattijo ranar yau da wurin da yake, ya ba shi kalmomi uku ya riƙe, ya sa shi ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100, ya rubuta jimla guda, ya kwaikwayi wani zane. Wanda bai kai maki 24 ba sai a fara zarginsa da cutar mantuwa, wadda mukan kira gigin tsufa. Takardar ta samu karɓuwa har ta zagaye asibitocin duniya. Sai dai a cikinta akwai inda ake cewa mutum ya jero haruffan kalmar Turanci WORLD daga ƙarshe zuwa farko, alhali rubutun Sinanci ba shi da baƙaƙe da wasulan da za a jera haka. Kowace alama gaɓa ce sukutum da ma'anarta. Duk ƙwarewar mai fassara, babu abin da zai fassara a nan. Dole a ƙirƙiro wata tambayar, sannan a tabbatar tana auna abin da ta asalin ke aunawa.

Lamarin kuwa ba na mutum goma ko ashirin ba ne. Ƙidayar ƙasar Sin ta 2020 ta samu mutum miliyan 264 masu shekara 60 zuwa sama. A shekarar ce mujallar Lancet Public Health ta buga binciken su Jia Longfei, wanda ya kiyasta cewa mutum miliyan 15 cikin masu waɗannan shekaru na fama da cutar, wajen kashi 6 cikin 100 ke nan, kusan rubu'in masu ita a duniya baki ɗaya. Ban da na Taiwan, Singafo da Malesiya, da na unguwannin Sinawa a San Francisco, New York, Toronto, Landan da Sydney. Na ƙasashen Turawan su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin a asibitin da ba ya jin harshensu ake duba su, da gwajin da ba don su aka yi shi ba.

Abin da ake son ganowa a cutar mantuwa shi ne raguwa, wato yadda mutum ya sauko daga inda yake a da. Takarda kuwa ba ta san shi a da ba. Iyakarta ta kwatanta shi da wasu mutane da aka taɓa gwadawa, ta ce ga makin da mai lafiya ke samu. In waɗancan mutanen Turawa ne da suka yi shekara 12 a makaranta, to makin tsohuwar da ta tashi tana noman shinkafa a lardin Guangdong ya haɗa abu biyu a cakuɗe: lafiyar ƙwaƙwalwarta, da nisan rayuwarta daga rayuwar wanda ya tsara gwajin. Duk wahalar aikin tana wajen raba biyun nan.

A ɗauki misalin irin wannan tsohuwa, 'yar shekara tamanin da 'yan kai. An haife ta a wani ƙauye na Taishan, cikin lardin Guangdong, lokacin yaƙin Japan, a zamanin da kusan kashi 80 cikin 100 na jama'ar Sin ba su karatu, 'ya'ya mata kuma su ne na ƙarshe a layin makaranta. Ta bi miji zuwa San Francisco, ta yi shekaru tana ɗinki a masana'antar tufafi. Yau nas ta miƙa mata fensir ta ce ta zana agogo, sannan ta kwaikwayi zanen akwati mai kusurwoyi. Tsohuwa ta juya fensirin a hannunta, ta dubi 'yarta, ta ce ita ba ta taɓa zane ba. Aka tambaye ta nawa ga wata, ta ce sha biyar ga wata na takwas. Gaskiya ta faɗa, domin da kalandar wata take lissafi, kuma ranar ce ta bikin tsakiyar kaka da kowane gidan Sinawa ya sani. Amma takarda kwanan Satumba take nema, sai aka soke makin. Aka tambaye ta shekarunta, ta ƙara ɗaya bisa ƙidayar gargajiya da ke ba jariri shekara guda tun ranar haihuwa. Aka tambaye ta sunan gundumar da asibitin yake, abin da ba ta taɓa buƙatar sani ba. Kafin a gama ta zubar da maki bakwai ko takwas. Ita ce kuma mai riƙe da farashin kifi a shaguna uku, da ranar haihuwar kowane jika, da lambar motar da ke kai ta gidan ƙanwarta.

Na ƙasa da ita a shekaru ma ba su tsira ba. Wanda aka haifa a 1950 ya sha yunwar 1959 zuwa 1961 yana yaro, yana da shekara 16 Juyin Al'adu na 1966 ya rufe makarantu, kuma sai 1977 aka dawo da jarrabawar shiga jami'a. In ya ce ya yi shekara tara a makaranta, wataƙila uku daga ciki a gona ya yi su. Don haka tambayar "shekara nawa ka yi a makaranta?", wadda da ita ake gyara maki, ita kanta tana bukatar tambaya.

Gwajin MoCA, wanda Ziad Nasreddine ya wallafa a Montreal a 2005 don kama cutar tun da wuri, ya fi dogara ga haruffa. Ana ja layi daga 1 zuwa A, daga 2 zuwa B. Ana kawo kalmomi masu farawa da F cikin minti ɗaya. Ana faɗin sunan zaki, karkanda da raƙumi. Masu sigar Beijing sun yi dabara mai kyau: suka maye gurbin A, B, C da jia, yi, bing, ding, wani tsohon jerin ƙidaya da Sinawa ke amfani da shi wajen jeranta abubuwa, suka kuma maye kalmomin F da sunayen dabbobi. Amma jerin jia, yi, bing na wanda ya je makaranta ne, karkanda kuma ba dabbar da manomin Fujian ya taɓa gani ba ce. Shi ya sa in aka tsaya kan maki 26 na asali, tsofaffi masu lafiya da yawa ke faɗuwa.

Wannan fuskar kuskuren, mai lafiya a ce ba shi da lafiya, ita aka fi magana a kai. Akwai ta biyu da ta fi ɓoyuwa, kuma a ganina ta fi haɗari. Lambobin Sinanci gajeru ne, kowace gaɓa ɗaya: yi, er, san, si. Tun cikin shekarun 1980 aka nuna cewa ɗalibi mai Sinanci kan riƙe lambobi kusan tara a jere, mai Turanci kusan bakwai, saboda baki ya fi saurin maimaita gajerun sautuka. To dattijon da ya sauko daga tara zuwa bakwai ya yi asara ta gaske, amma a ma'aunin Turawa lafiyarsa lau. Haka jero watanni daga ƙarshe zuwa farko, wanda aiki ne mai nauyi a Turanci: a Sinanci watanni ba su da suna sai lamba, wata na 12, wata na 11, ƙirga ce kawai ta baya-baya. A gwajin sunayen hotuna na Boston mai hoto 60, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma na ƙarshe shi ne katakon lissafi mai 'yan ƙwallaye. Wannan kuwa suanpan ne, abin da duk tsohon ɗan kasuwar Sin ya yi rayuwa da shi a kan tebur, yayin da ɗakin ƙanƙara na mutanen Arewacin duniya da wani biskit mai lanƙwasa na Turawa suka zo tun kafin a yi nisa. Jerin wahalar ya juye gaba ɗaya. Sai kuma injiniyan da ya baro Taiwan zuwa Amurka bayan sassauta dokar shige da fice ta 1965, mai digiri uku, wanda zai ci maki 28 cikin 30 alhali matarsa ta daɗe da karɓe harkar kuɗin gida daga hannunsa.

Ƙoƙari mafi girma na farko wajen gyara MMSE an yi shi a Shanghai a 1987, lokacin da Zhang Mingyuan da Robert Katzman na jami'ar California a San Diego suka gwada mutum 5,055 masu shekara 55 zuwa sama. Suka cire jimlar Turancin da ake maimaitawa suka sa wata karangiyar Sinanci mai ma'anar "zakunan dutse arba'in da huɗu". Sannan suka ja layi uku maimakon ɗaya: maki 17 ga wanda bai yi makaranta ba, 20 ga mai firamare, 24 ga mai sakandare zuwa sama. Har yau asibitocin Sin da yawa na aiki da wannan rabon. A Hong Kong, Helen Chiu da abokan aikinta suka fitar da sigar Kantonis, harshen Sinancin da ake yi a can, a 1994, inda jero lambobi baya-baya ya maye gurbin kalmar Turancin.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Binciken na Shanghai ya gano cewa ko bayan an duba mutane da kyau, cutar ta fi yawa a cikin waɗanda ba su yi makaranta ba. Ma'ana rashin karatu abu biyu yake yi a lokaci guda: yana rage maki ba tare da cuta ba, kuma yana ƙara haɗarin cutar da gaske. Kwamitin Lancet kan cutar mantuwa ya sa ƙarancin ilimi cikin abubuwan haɗari da za a iya kaucewa tun rahotonsa na 2017. To in ka saukar da layi don kada ka zalunci tsohuwar Taishan, kana iya saukar da shi ƙasa da inda cutarta take, ka sallame ta ka ce ba komai, alhali tana cikin rukunin da ya fi kamuwa. In ka bar shi sama, ka liƙa wa masu lafiya sunan da zai bi su har kabari. Babu lambar da za ta warware wannan. Ni ina ganin sauke layi faci ne na dole, kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin an gama gyara. Gyaran gaske shi ne tambayoyin da ba sa bukatar fensir tun asali. Gwajin RUDAS, wanda aka tsara a Sydney a 2004 saboda baƙi masu harsuna daban-daban, yana tambayar jerin cefane da yadda mutum zai tsallaka titi mai cunkoso in babu fitilar hanya. Kowace tsohuwa tana da amsar wannan, kuma in ta rasa ta, rashin na nufin wani abu.

Sai batun harshen kansa. In takardar asibiti ta ce mara lafiya "Sinanci yake ji", ba ta faɗi komai ba tukuna. Mandarin, Kantonis, Hokkien, Teochew, Hakka, harshen Shanghai da na Fuzhou ba sa fahimtar juna a baki. Tsofaffin unguwannin Sinawa na Amurka na farko mutanen Taishan ne. Waɗanda suka cika wasu sassan New York daga shekarun 1980 mutanen Fuzhou ne. Da yawa cikin masu gidajen abinci na Ingila Hakka ne da Kantonis daga ƙauyukan Hong Kong. Rubutun ma iri biyu ne, sauƙaƙaƙƙe na babban yankin Sin da Singafo, da na gargajiya na Taiwan da Hong Kong. A Singafo, yekuwar komawa Mandarin da gwamnati ta fara a 1979 ta haifar da jikokin da ba sa jin Hokkien ɗin kakarsu, kuma cikin jikokin nan ne ake samun likitoci da nas-nas na yau. Ga shi cutar kan fara cinye harshen da aka koya daga baya, ta bar mutum da na ƙuruciya. Tsohon da ya yi shekara arba'in yana Turanci da Mandarin na iya komawa Teochew zalla.

In babu tafinta, ɗa ko 'ya ake sawa, kuma a nan gwaji ke lalacewa cikin ƙauna. Likita ya ce a tambaye ta kalmomi ukun nan. 'Yar ta juya ta ce, "Mama, abubuwan nan uku da ya faɗa ɗazu, akwai wanda muke ci da safe, kin tuna?" Tsohuwa ta faɗa, likita ya ba da maki, bai san an ba da satar amsa ba. 'Yar ba yaudara ta nufa ba. Ba za ta iya kallon mahaifiyarta tana jin kunya a gaban baƙo ba ne.

Akwai wurin da binciken ya fi ba ni sha'awa, wato nau'in cutar da ke fara kama harshe kafin tunani. Ƙa'idojin gano shi an gina su ne kan yadda mai Turanci ke lalacewa: yana tuntuɓe a kalmomi masu gaɓoɓi da yawa, yana yar da ƙananan ɗafe-ɗafen nahawu, yana kasa karanta kalmomin da rubutunsu ya saɓa da furucinsu. Sinanci ba shi da yawancin waɗannan. Abin da yake da shi karin sauti ne, huɗu a Mandarin, shida a Kantonis. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, tun da karin sauti ne ya raba kukan yaro da kukar miya. Haka ma a Mandarin gaɓar ma na iya zama uwa ko doki. Likita Boon Lead Tee ta jami'ar California a San Francisco, tare da abokan aiki a Taiwan da Hong Kong, ta nuna cewa masu wannan ciwo na kuskuren karin sauti, suna rikita kalmomin ƙirga da ake sawa tsakanin lamba da suna, suna kuma rubuta alama mai sauti iri ɗaya da ma'ana dabam, ko su musanya ɓangaren alamar. Babu ɗaya cikin waɗannan da fassararren gwaji zai nema, domin harshen da aka fassaro daga gare shi ba shi da su.

Tun da takarda ba ta san mutum a da ba, dole a tambayi wanda ya san shi. Nan kuma al'ada ke shigowa da ƙarfi. Biyayya ga iyaye, xiao, ginshiƙi ce a tarbiyyar Sinawa, har dokar kare tsofaffi da sabon fasalinta ya fara aiki a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu. Ɗan kirki ba ya tona asirin mahaifinsa a gaban baƙo. Zai ce, "Likita, tsufa ne kawai." Sau da yawa ma da gaske bai ga raguwar ba, domin tuni suruka ke girki, ɗa ke biyan kuɗin wuta, jika ke kai kaka kasuwa. Takardun da ke tambayar ko dattijo na iya rubuta cek ko cike takardar haraji suna tambayar abin da bai taɓa yi ba. Tambaya mai amfani ita ce ko har yanzu tana lissafin wasan mahjong kamar da, ko tana shirya abincin sabuwar shekara ba tare da ta tsallake komai ba, ko tana gane wanda ya kamata a ba jar ambulan ta kuɗi da nawa za a sa. Ga kuma tsoron suna. Kalmar da aka daɗe ana kiran cutar da ita, chidai, wauta da dolanci take nufi, kuma iyali na gudun a ce akwai hauka a zuriya. A Hong Kong sai da Charles Kao, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2009 yana fama da Alzheimer, nau'in cutar mantuwa mafi yawa, ya fito fili tare da matarsa, sannan aka yi gasar canza sunan a 2010. Ciwon damuwa ma, wanda kan yi kama da mantuwa kuma yana da magani, ba kasafai ake faɗinsa da sunansa ba. A 1980 Arthur Kleinman ya duba mutum 100 a Hunan da aka ce suna da raunin jijiya, ya samu 87 na da ciwon damuwa. Su dai kukansu ciwon kai ne, da jiri, da rashin barci.

Ƙungiyar bincike ta 10/66, mai nazarin cutar mantuwa a ƙasashe masu tasowa, ta nuna girman wannan giɓi. A rahotonta na 2008, in aka bi ƙa'idar Amurka da ke dogara ga shaidar iyali kan gazawar mutum, cutar kan fito kaɗan ƙwarai a wasu ƙasashe masu tasowa. Da aka bi hanyar da ta haɗa gwaji marar rubutu da hira mai zurfi, ko a ƙauyukan Sin an samu kashi 5.6 cikin 100. Wani ɓangare na kayan aikin nan a Najeriya aka gasa shi. Gwajin CSI-D, ɗaya daga cikin waɗanda ƙungiyar ta yi amfani da su, ya girma ne a aikin Indianapolis da Ibadan da aka fara a 1992, wanda Hugh Hendrie, Kathleen Hall, Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suka yi a kan tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen Amurka. A Ibadan ne kuma Olusegun Baiyewu da abokansa suka maye zane da fensir da jera tsinken ashana huɗu.

A Amurka alƙaluma na cewa 'yan asalin Asiya ne mafi ƙarancin kamuwa. Binciken rukunin asibitocin Kaiser Permanente na 2016 a arewacin California ya samu sabbin kamu 15.2 cikin mutum 1,000 a shekara, a kan 26.6 na baƙaƙen fata. Amma daga takardun asibiti aka ƙirga, wato waɗanda likita ya rubuta wa cutar. Bayan duk abin da ya gabata, ban ga yadda za a karɓi lambar nan ido rufe ba. Kuɗin binciken da zai tantance kuwa bai taka kara ya karya ba: daga 1992 zuwa 2018, kashi 0.17 cikin 100 na kasafin hukumar binciken lafiya ta NIH ne ya tafi ga binciken asibiti kan 'yan Asiya da tsibiran Pasifik. Ana kuma yawan cewa tsofaffin Sinawa ba sa son shiga bincike. Aikin PINE na Chicago ya ƙaryata haka: XinQi Dong da ƙungiyoyin unguwa sun samu mutum sama da 3,000 tsakanin 2011 da 2013, saboda gida-gida aka bi su, ana hira da su da Kantonis, Taishan, Mandarin ko Teochew, wanda mutum ya zaɓa. A 2023 aka ba aikin ACAD, ƙarƙashin Li-San Wang na jami'ar Pennsylvania, dala miliyan 40.5 don bin mutum sama da 5,000 'yan asalin Sin, Koriya da Biyetnam a Amurka da Kanada. Akwai dalilin gado ma na yin irin wannan bincike: ƙwayar gado ta APOE4, mai ƙara haɗarin Alzheimer, ba ta da yawa a Sinawa kamar a Turawa, amma bincike na nuna tasirinta ya fi ƙarfi a mutanen gabashin Asiya.

Yanzu kuskuren maki na da farashin da ba shi da shi a da. Maganin lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, Sin kuma a farkon 2024, na farkon cuta ne kawai, kuma babban gwajinsa ya ɗauki masu maki 22 zuwa 30 a MMSE ne. Tsohuwar da makinta na lafiya 20 ne za ta bayyana a takarda kamar wadda cuta ta yi wa nisa tun ba ta fara ba.

Wasu na sa ran gwajin jini zai kawar da matsalar, tun da jini ba shi da harshe. Ƙungiyar Nancy Ip a jami'ar kimiyya da fasaha ta Hong Kong ta wallafa wani gwaji mai sunadarai 19 a 2021 da aka gina kan jinin Sinawan Hong Kong, kuma aiki ne mai amfani. Sai dai tsofaffi da yawa na ɗauke da sinadarin amyloid, wanda ake dangantawa da Alzheimer, a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba, don haka jini zai iya cewa akwai shi, ba zai ce ko shi ne ya sa ta manta tukunya a wuta ba, ko kurumta ce, ko ƙarancin bitamin B12, ko kaɗaicin zama a gidan da jikoki ba sa jin maganarta. Ko za ta ci gaba da zama ita kaɗai, ko za ta iya sa hannu a takardar gidanta, sai an zauna da ita an yi magana da harshenta. Mandarin da Kantonis sun samu gwaje-gwaje da ma'aunan kwatance masu yawa. Taishan, Fuzhou, Hakka da Teochew an bar su a baya nesa, kuma masu waɗannan harsunan su ne mafi tsufa da mafi ƙarancin karatu cikin Sinawan ƙetare.